Gida a Dubai ko gidan haya a Maraɗi: ina ɗan kasuwa zai ajiye guminsa?

Duk shekara idan watan azumi ya ƙarato, ko kuwa ayarin masu sari ya dawo daga Gabas, akwai wata magana da ba ta rasa tasowa a rumfunan kasuwanninmu, tun daga Yamai har Damagaram. Sai ka ji ana cewa Alhaji wane ya sayi gida a Dubai, ko Hajiya wance tana cigiyar ɗaki kusa da Harami domin ta riƙa sauka a nata idan ta je Umra. Masu sauraro su yi ta ma sha Allah, kowa kuwa a ransa yana auna nasa ɗan abin da ya tara. To, tun da dai maganar ta kai ga mutane suna fidda miliyoyi daga cikin jarinsu, mun ga ya dace mu zauna da masu karatunmu mu yi lissafin nan a fili, kamar yadda ake lissafin kowace haja.

Ba mu ga laifin ɗan kasuwar da ke son mai da kuɗinsa bango da ƙofa ba. Wanda ya ga gobarar babbar kasuwar Yamai ta 1982, ko ta ƙaramar kasuwa ta Afrilun 2012, ya san dukiyar shekara ashirin tana iya zama toka kafin asuba. Dattawanmu kuma ba su manta da Janairun 1994 ba, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi a dare ɗaya: wanda ya kwana da kuɗi a akwati ya tashi da rabin ƙarfinsa a wajen sayen kayan waje, wanda ya kwana da gida kuwa ya tashi da gidansa. Saboda haka sayen gida dabara ce. Abin tambaya kawai, wane gida, kuma a ina?

Kwana nawa za ka yi a ciki?

Wannan ita ce tambayar farko, kuma ita ce dillalan gidajen waje ba su so a yi. Ɗan kasuwar da ke zuwa Dubai sau uku ko huɗu a shekara, kwana goma-goma, duka-duka kwanansa a can bai wuce 40 ba. Saura kwana 325 gidan na rufe. Amma rufewarsa ba ta hana shi ci. A dogayen gidajen Dubai kowane mai ɗaki yana biyan kuɗin hidima duk shekara, na gadi da shara da gyaran na'urar hawa bene, ko ya kwana ko bai kwana ba, kuma da faɗin ɗakin ake auna kuɗin. Tun ranar saye ma akwai kashi 4 cikin 100 na farashi da ake biya a ofishin filaye na Dubai domin a rubuta sunan mai saye, ban da la'adar dillali. Idan mutum ya haɗa abin da gidan ke lashewa a shekara, ya ƙara da ribar da kuɗin nan za su kawo da suna juyawa a kasuwa, sannan ya raba da kwana 40, sau da yawa zai tarar kwana ɗaya a gidansa ya fi kwana ɗaya a babban otal tsada. Otal kuwa idan ka fita ka miƙa makulli, shi ke nan kun rabu.

Za a ce mana ai ana iya sa ƴan haya a ciki. Gaskiya ne, amma daga ranar da ɗan haya ya shiga, gidan ya tashi daga wurin hutu ya koma gidan haya da ke nesa da idon mai shi, a hannun wani kamfani da zai cire kasonsa kafin ya aiko da saura. Idan ka zo sari kuma, otal ɗin dai za ka sauka.

Za a kuma ce farashi yana hawa. Yana hawa, yana kuma sauka. A 2002 ne Dubai ta buɗe wa baƙi ƙofar mallakar gida a wasu unguwanni da aka keɓe, kuɗi suka yi ta kwarara daga ko'ina. Da rikicin kuɗi na duniya ya zo a 2008 da 2009, farashin gidaje a can ya faɗi da wajen rabi, gine-gine da dama suka tsaya cak, mutanen da suka biya kuɗi a kan zane tun ba a aza tubali ba suka yi shekaru suna jira. Daga 2014 farashin ya sake yin ƙasa sannu a hankali har zuwa 2020, sannan ya tashi da ƙarfi daga 2021. Wanda ya saya a daidai ya ci, wanda ya saya a kan ganiya ya sha. Mu da ke zaune a Tawa ko Maraɗi, mun san ranar da farashin albasa ko wake zai juya tun kafin ya juya, domin kasuwarmu ce. Kasuwar gidajen Dubai kuwa sai abin da dillali ya faɗa mana a waya. Takardar zama ta shekara 10 da ake kwaɗaitar da mutane da ita, ana ba da ita ga wanda gidansa ya kai dirhami miliyan 2, wato sama da sefa miliyan 300. Mutum nawa ne a layin masu atamfa ke da wannan a gefe?

Makullin yana hannunka, ƙofar tana hannun wani

Abin da ya fi damunmu ma ba lissafin kuɗi ba ne. Gidan da ba ka isa gare shi sai da biza, ko sai an buɗe iyaka, rabinsa ne naka. Shekarun baya-bayan nan sun karantar da mu wannan darasi har sau nawa. A ƙarshen Fabrairun 2020 Saudiyya ta dakatar da Umra saboda cutar korona, kuma a 2020 da 2021 babu alhajin da ya je daga waje. A 2022 Daular Larabawa ta tsaida bai wa ƴan Nijeriya biza, jiragen Emirates suka daina sauka a can, ba su dawo ba sai Oktoban 2024. Maƙwabtanmu na Kano da Katsina masu gidaje a Dubai sai kallonsu a hoto. Mu kanmu bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an rufe mana iyakokin Nijeriya da Benin. Ta Nijeriya an buɗe a Maris 2024, amma gadar Gaya da Malanbil ta wuce 2024 da 2025 a rufe, mutane suna tsallake kogi da kwalekwale. Wanda ya gina gida a Kwatano domin yana zuwa fiton kaya a tashar jiragen ruwa, sai ya ga kayan sun koma bi ta Lome da Burkina, gidan kuma yana can.

Game da Makka da Madina, inda zuciyar kowa take, a yi hattara ƙwarai. Shekaru da yawa dokar Saudiyya ta hana baƙo mallakar gida a biranen nan biyu. A Yulin 2025 aka amince da sabuwar doka, aka tsaida Janairun 2026 domin soma aiki da ita, wadda ta bai wa baƙi dama a wuraren da hukuma ta keɓe, amma Makka da Madina suna da nasu sharuɗɗa masu tsauri. Duk wanda ya zo ya ce a kawo kuɗi zai saya da sunan wani ɗan ƙasa, to a sani a gaban alƙalin can gidan na wanda sunansa ke kan takarda ne. Sannan mallakar ɗaki a Makka ba ta ba mutum kujerar Hajji. Kujera dai sai ta hanyar kason da aka ba ƙasarmu, a ƙarƙashin hukumar COHO.

Kada kuma a manta, fidda jari zuwa ƙasar da ba ta cikin UEMOA yana bukatar izinin ministan kuɗi. Masu bi ta hannun ƴan canji suna ganin sun huta da takardu, sai ranar da mai gida ya kwanta dama. Ranar nan magada za su tarar babu wata shaida a nan ta cewa kuɗin sun fita, ga kotun wata ƙasa, ga fassarar takardu, ga kuɗin lauya da na jirgi. Marayu nawa ne za su iya wannan?

Gidan haya ma ba tuwon banza ba ne

Yanzu mu dawo gida. A ce mutum yana da miliyan 40, ya sayi fili ya gina ciki da falo guda 10, irin wanda ake kira selibateriyom, kowane a jika 30 a wata. Misali ne kawai, kowa ya sa farashin unguwarsu. A takarda zai karɓi miliyan 3 da jika 600 a shekara. To amma akwai watan da ɗaki zai zauna babu kowa, akwai ɗan hayar da zai yi wata uku yana cewa albashi bai faɗo ba, akwai ɗan uwan da za a ce a ba shi ɗaki ɗaya kafin ya samu wuri, wanda kowa ya san ba zai samu ba. Ga yoyon kwano, ga yashe masai, ga rikicin mitar Nigelec idan guda ce ta haɗa kowa, ga haraji. Idan aka cire kashi ɗaya cikin huɗu, saura miliyan 2 da jika 700. Ke nan sai an yi wajen shekara 15 kafin kuɗin su dawo. Mai sayar da shinkafa ko turare da kasuwarsa ke tafiya yana iya samun fiye da haka nesa ba kusa ba. Shi ya sa muke cewa kada wanda jarinsa bai ƙoshi ba ya zare shi ya zuba a siminti. Gidan haya rumbu ne, ana zuba masa abin da ya ragu bayan an fidda iri.

Abin da ke gefen gidan haya shi ne masu nemansa ba su ƙarewa. A ƙidayar 2012 mun haura mutum miliyan 17, yau mun wuce miliyan 25, kuma birane ne ke karɓar masu tasowa. Tun da aka kafa jami'o'i a Maraɗi da Damagaram da Tawa a 2010, ɗalibai da malamai suke neman wurin kwana. Ma'aikacin da aka yi wa canjin gari, da ango sabon aure, da ɗan ƙauyen da ya zo koyon sana'a, duk ɗaki suke nema, kuma abin da aljihunsu zai iya.

A nan ne wasu attajiranmu suka yi tuntuɓe. Sun gina manyan gidaje a Filato da Kwara Kano na Yamai domin Turawa da ma'aikatan ƙungiyoyin waje masu biyan haya mai tsoka. Sojojin Faransa suka kammala fita a Disamban 2023, ofishin jakadancinsu ya rufe a farkon 2024, na Amurka suka bi baya a Satumban 2024. Mai babban gida ɗan hayarsa ɗaya ne, idan ya tafi an koma sifiri, kuma ba kowane ɗan ƙasa ne zai iya biyan wannan farashi ba. Mai ɗaki goma kuwa idan biyu suka tashi, takwas suna nan.

Sai maganar wuri da takarda. Fili mai araha a cikin kwari ko bakin gulbi, araharsa ba ta kai damina biyu. A Satumban 2020 kogin Kwara ya fasa madatsa ya cinye unguwanni a Yamai, irin su Lamorde. A daminar 2024 ambaliya ta kashe sama da mutum 300 a faɗin ƙasa, jihar Maraɗi tana cikin waɗanda suka fi jin jiki, har tsohon masallacin Birni na Damagaram ya rushe. Bayan wannan ne gwamnati ta rage farashin siminti a Oktoban 2024, aka tsaida tan ɗaya a jika 55 a Yamai. Mai son sayen fili ya je ya gan shi a watan Agusta, bayan an yi ruwa mai ƙarfi, ya tambayi tsofaffin unguwa inda ruwa ke bi. Takarda kuwa, ta magajin gari da ake kira akt de sesiyon mafari ce. An sha ganin fili ɗaya da takardu biyu a hannun mutum biyu. Wadda ta fi ƙarfi a gaban kotu, wadda banki ke karɓa jingina, ita ce titir fonsiye. Tana cin kuɗi da zirga-zirga, amma a sa ta cikin lissafin gini tun farko, kamar kwano da ƙarfe.

Akwai wanda gida a waje zai yi wa amfani, ba mu musa ba: mai ƴaƴa uku ko huɗu da ke karatu a gari ɗaya shekara da shekaru, ko wanda rabin shekararsa a can yake yi kuma gidan shi ne masaukin yaransa da ma'ajiyar kayansa. Wannan gida aiki yake yi. Na nunawa a waya ranar suna ko ɗaurin aure kuwa, mai shi ya kira shi da sunansa, wato jin daɗi, ya kuma biya shi daga riba.

Ga iyayenmu mata na kasuwa, masu tara nasu ta adashe da asusu, muna da ƙarin magana ɗaya. Yawancinku ba Dubai ce a gabanku ba, ɗaki biyu ko uku ne a bayan gari, ana aza su sannu-sannu, kwasar adashe ɗaya tubali, ta gaba kwano. Kunya takan sa mace ta bari a rubuta fili da sunan maigida, ko wa, ko babban ɗa. Idan zama ya ƙare, ko aka zo rabon gado, abin da ke kan takarda shi ake karantawa, kuma shaidun baka sukan manta. Doka ba ta hana mace mallakar fili da sunanta ba. Hajiya ta je da kanta da katin ɗan ƙasa, ta sa a karanta mata sunan da aka rubuta kafin ta biya cikon kuɗi, ta kuma ajiye kwafi ɗaya a wani gida daban da wanda take kwana.