Dakota: Jirgin Yaƙi da Ya Koma Jirgin Fasinja



Abin da za mu duba yau shi ne yadda wani jirgin sama da aka ƙera saboda soja ya zama abin hawan farar hula a ƙasashenmu. Wannan jirgi shi ne wanda Ingilishi suka laƙaba wa suna Dakota.

Asalinsa jirgin fasinja ne na kamfanin Douglas a Amurka, mai lamba DC-3, wanda ya fara tashi a 1935. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, sai aka ƙarfafa daɓensa, aka faɗaɗa ƙofarsa don shigar da kaya, aka kira shi C-47. An ƙera irinsa fiye da 10,000. Tun lokacin Kanawa suka san ƙuginsa, domin hanyar da ake bi da jirage daga Takoradi zuwa Masar ta Kano da Maiduguri ta ratsa.

Da aka gama yaƙi a 1945, sai ga dubban jirage ba aiki. Aka yi ta sayar da su da araha, kamfanoni suka saya, suka jera musu kujeru. Kamfanin jiragen Afirka ta Yamma, wanda aka kafa a 1946, ya mallaki waɗansu, kuma kamfanin Nigeria Airways ya gaje su a 1958. A Nijar ma Air Niger ya yi jigila da shi tsakanin Yamai, Maraɗi da Damagaram.

To, me ya sa ya karɓu haka? Dalilin shi ne bai da tsirfa. Injinsa biyu ne masu farfela, gyaransu ba wuya, kuma ba ya bukatar kwalta. In an share fili an daddaɓe, ya isa. Ku tuna, dogo a Ƙauran Namoda ya tsaya tun 1929. Mutumin Isa ko Sabon Birni kuwa ya san abin da damina ke yi wa hanyar mota. A irin wannan ƙasa, jirgin da zai sauka a kan jar ƙasa ba ƙaramin abu ba ne.

Amma bai rabu da asalinsa ba. Da yaƙin basasa ya tashi a 1967, sojan sama suka karɓi waɗansu daga hannun Nigeria Airways, har aka jefa bom da su. Kafin nan ma, tun 1963, jiragen Fokker sun fara ture shi daga layin fasinja.

Jiragen da suka biyo baya sun fi shi sauri da girma, sai dai suna bukatar doguwar kwalta da fasinja masu yawa. Saboda haka suka taru a manyan birane, ƙananan filaye suka koma makiyaya. Tambayar da ya kamata masu tsara sufuri su riƙa yi ke nan kafin su sayi sabon abu: shin wa zai ɗauka, wa kuma zai bari a baya?