Yadda Ake Gane Shekarun Tsohon Tangaran na Ƙasar Sin

Wanda aka kawo wa tulun tangaran aka ce masa tsoho ne daga ƙasar Sin, abin da zai fara yi shi ne ya kifa shi ya duba gindinsa. A nan ne akan sami hatimi, galibi kalmomi shida da shuɗin rubutu, masu bayyana daula da zamanin sarkin da aka yi tulun a cikinsa. To, ya kamata jama'a su sani cewa wannan hatimi shi ne mafi raunin shaida. Maginan birnin Jingdezhen, inda aka yi mafi yawan tangaran na fada, sun sha rubuta sunan magabata a kan sabon aiki. Tuluna da yawa na zamanin Sarki Kangxi, wanda ya yi mulki daga 1662 zuwa 1722, suna ɗauke da hatimin Sarki Chenghua na daular Ming, alhali shi ya rasu tun 1487. Wasu don girmamawa suka yi haka, amma masu yin jabu a yau don kuɗi suke yi.

Saboda haka masana sukan nemi shaidu da dama, su ga ko bakinsu ya zo ɗaya. Ƙasan tulu, watau da'irar da yake zama a kanta, ba a shafa mata ruwan sheƙi, don haka a nan ake ganin ainihin yumɓun, da irin yankan wuƙar magini.

Launi kuwa ya fi kowace shaida magana. Shuɗin da aka yi amfani da shi a ƙarni na 14 da farkon na 15 daga wani ma'adini ne da ake kawowa daga wajen Farisa, mai ƙarfe da yawa a cikinsa. Idan ya sha wuta sai ya taru wuri-wuri, ya bar ɗige-ɗige masu duhu da suka nutse cikin sheƙin. Maginan ƙarni na 18 sun yi sha'awar wannan, suka riƙa ɗiga shi da gangan da bakin alƙalami. Sai dai nasu ya cika tsari, kuma idon gwani ba ya ɓata a kansa. Haka nan launin ruwan hoda da ake haɗawa da zinariya bai shiga aikin Sin ba sai wajen 1720. Duk tulun da ke da shi, kuma aka ce na Ming ne, daular da ta faɗi a 1644, to maganar ba ta da tushe.

Ana kuma gwada tulu da wanda aka tabbatar da shekararsa. Mafi shahara su ne tuluna biyu da ke gidan adana kayan tarihi na Birtaniya a Landan, waɗanda rubutun wuyansu ya nuna 1351.

Akwai gwajin kimiyya, inda ake huda gindin tulu a ɗebi ɗan ƙanƙanin yumɓu, a zafafa shi, a auna hasken da yake fitarwa, don a ƙiyasta tsawon lokacin da ya wuce tun gasa shi. Wannan ƙiyasi ne kawai, ba ya ba da shekara takamaimai, kuma 'yan damfara sukan ɗora sabon jiki a kan tsohon gindi.

Dalilin wannan wahala duka kuɗi ne: a 2014 an sayar da wani ɗan ƙaramin kofi na zamanin Chenghua a gwanjo a Hong Kong kan kimanin dala miliyan 36. Mai niyyar saye ya nemi takardun da ke nuna hannuwan da tulun ya bi, kuma kada ya biya kafin masani ya riƙe shi a hannunsa.