Gargaɗin NU1701: Kada Masu Rubuta Manhaja Su Yi Masa Riƙon Sakainar Kashi

Duk ma'aikaci ko ɗalibin da ke rubuta manhajar kwamfuta da kayan aikin .NET na kamfanin Microsoft, lalle wata rana zai ga wani gargaɗi mai lamba NU1701 ya bayyana a allonsa. Da yake gargaɗin ba ya hana aiki ci gaba, mutane da yawa sukan kau da kai. Wannan sakaci kuwa yana iya jawo asara, domin manhajar da aka haɗa lafiya lau tana iya tsayawa cik ranar da aka fi bukatarta, misali ranar lissafin albashin ma'aikata.

Asalin al'amarin shi ne, a shekarar 2002 Microsoft ya fitar da .NET Framework, watau harsashin da ake ɗora manhaja a kansa, wanda ke aiki a kan Windows kaɗai. A 2016 sai ya fito da sabon harsashi mai suna .NET Core, wanda ke aiki har a kan Linux da macOS, kuma daga 2020 aka taƙaita sunansa zuwa .NET kurum. Ke nan harsashi ya zama iri biyu, kuma ba duk abin da ke cikin tsohon ne aka kawo cikin sabon ba.

Mai rubuta manhaja ba ya ƙera kome da kome da kansa. Yakan ɗauko ƙunshin aikin da wasu suka riga suka yi daga rumbun NuGet, wanda aka buɗe a 2010. Kowane ƙunshi yana faɗin harsashin da aka yi shi dominsa, haka nan kowane aiki yana faɗin nasa a cikin fayil ɗin csproj, a layin TargetFramework. Tun daga .NET Core 2.0 na 2017, in NuGet bai sami wanda ya dace da sabon harsashi ba, yakan karɓi na tsohon, sa'an nan ya yi wannan gargaɗi. Hatsarin kuwa shi ne, ƙunshin yana iya neman wani abu kamar System.Web wanda babu shi a sabon harsashi, kuma ba za a gane ba sai aiki ya iso daidai wurin.

To, ina mafita? Da farko a karanta gargaɗin a tsanake, domin yana ambaton sunan ƙunshin. In ba a san inda ya fito ba, wataƙila wani ƙunshi ne ya jawo shi. Umurnin dotnet list package --include-transitive zai nuna duk waɗanda suka shigo ta bayan fage.

Na biyu, a nemi sabon fitowar ƙunshin. Wanda aka yi domin netstandard2.0 yana aiki a kan harsashin biyu duka, saboda haka gargaɗin zai ɓace. In masu ƙunshin sun daina kula da shi, sai a nemi madadinsa. Alal misali, Microsoft.AspNet.Mvc na tsohon harsashi ne, aikinsa kuwa a sabon yana cikin ASP.NET Core.

Na uku, in ƙunshin na ma'aikatarku ne, a sake haɗa shi domin harsashin biyu, ta rubuta net48 da net8.0 tare a layin TargetFrameworks.

In duk waɗannan sun faskara, akwai damar rufe bakin gargaɗin da kalmar NoWarn. Amma kada a yi haka sai an jarraba kowane sashe na manhajar a kan irin injin da za ta zauna. Kuma a sa kalmar a layin wannan ƙunshi kaɗai, ba a kan aikin gaba ɗaya ba, don kada ta ɓoye wani gargaɗin da zai zo nan gaba.

Masu iya magana sun ce tun ran gini tun ran zane. Ya kamata shugabannin sassan kwamfuta a ma'aikatu su riƙa tambayar 'yan kwangila ko akwai irin wannan gargaɗi kafin su sa hannu a takardar karɓar aiki, ɗalibai kuma su saba da duba harsashin kowane ƙunshi kafin su ɗauko shi.