Sifika Goma a Kunne Biyu: Shin Yawan Ne Ke Kawo Daɗin Sauti?

Duk wanda ya leƙa kasuwannin intanet yana neman iyafis a 'yan shekarun nan, ya ci karo da wani sabon salon talla. Za ka ga ɗan abin saƙala wa kunne da bai fi girman ƙwallon dabino ba, jikinsa garai-garai kamar gilashi har ana hango kayan cikinsa, an rubuta a kwalinsa cewa kowane ɓangare yana ɗauke da ƙananan sifikoki biyar, kunne biyu goma ke nan. Kuɗinsa kuma bai kai dala 50 ba. Irin waɗannan, da ake kira IEM, sun fara bayyana a kunnuwan matasa masu haɗa sauti a situdiyo, da masu kiɗan fiyano a wuraren biki, da ma waɗanda sauraro kawai suke so. Tambayar da mai saye yake yi ita ce: tunda guda ɗaya ke cikin iyafis ɗin da ya saba da shi, ashe mai biyar bai ninka shi biyar a daɗi ba?

Amsata a taƙaice ita ce a'a. Amma dalilin ya cancanci a zauna a kansa, domin shi zai hana mutum zubar da kuɗinsa.

Asalin abin daga dandalin mawaƙa ya fito. Makaɗi a kan dandamali yana cikin ƙara mai tsanani, ba ya jin kansa, ba ya jin abokan kiɗansa. A shekarar 1995 wani injiniyan sauti a Amurka mai suna Jerry Harvey ya ƙera wa Alex Van Halen, mai ganga a ƙungiyar Van Halen, wani iyafis da ke toshe kunne tsaf, ya sa masa sifika biyu a ciki: ɗaya ta ɗauki sauti mai kauri, ɗaya ta ɗauki siriri. Daga nan kamfanin Ultimate Ears ya samo asali. Akwai hikima a wannan rabon aiki. Kunnen ɗan Adam yana jin sauti daga kaɗawa 20 zuwa kusan 20,000 a daƙiƙa guda, kuma irin 'yar sifikar da ake amfani da ita a lokacin ba ta iya ɗaukar wannan faɗin duka ita kaɗai ba tare da ta gaza a wani gefe ba.

Sifikokin da ke cikin waɗannan na'urori galibi iri biyu ne. Ta farko ita ce wadda kowa ya sani, irin ta rediyo amma an ƙanƙantar da ita: wani siririn faifai da maganaɗisu da naɗin waya ke turawa gaba da baya, yana kaɗa iska. Faɗinta yakan kai milimita 10, kuma da yake tana tura iska da yawa, ita ce gwanar bes, wato sauti mai kauri. A kwali ana rubuta ta DD. Ta biyu, wadda ake rubutawa BA, daga na'urar taimaka wa masu matsalar ji aka aro ta. Wani ɗan akwatin ƙarfe ne ƙarami sosai, a cikinsa akwai ɗan harshen ƙarfe da ke rataye tsakanin maganaɗisu biyu. Idan lantarki ya ratsa sai ya yi rawa, ya motsa wani ɗan faifai ta hanyar tsinke. Tana da saurin amsawa, tana fito da ƙananan bayanai na sauti, amma kowace guda tana da iyakar inda ta fi ƙwarewa. Kamfanonin da suka yi suna wajen ƙera ta su ne Knowles na Amurka da Sonion na Denmark, kuma nasu ba araha ba ne.

To idan an tara su a wuri ɗaya, dole a sami abin da zai raba musu aiki, ya ce wannan ki ɗauki ƙasa, wannan tsakiya, wannan sama. Wasu 'yan ƙananan kayan lantarki ne ke yin wannan, tare da bututun da ke kai sautin kowace zuwa bakin kunne, da 'yan matatun da ke rage kaifi. A nan gizo ke saƙar. Ka ɗauka makaɗan kalangu biyar ne aka tara ba su taɓa yin gwaji tare ba: kowa gwani ne, amma wannan ya riga wancan da ɗan kaɗan, biyu suna buga abu ɗaya suna danne na uku. Makaɗi ɗaya da ya san hannunsa zai fi su daɗin ji. Haka abin yake a cikin kunne. Inda aikin sifika biyu ya haɗu, sautinsu yana iya taruwa ya yi tsini, ko ya soke juna ya bar rami. Gyara wannan yana cin lokacin injiniya da awo da gwaji, kuma shi ne abin da ba a gani a hoton talla.

Masana'antun China ne suka sauko da wannan fasaha ƙasa har talaka ya iya taɓa ta, kuma wannan abin yabo ne. Kamfanin KZ ya fitar da ZS10 a 2018, mai DD ɗaya da BA huɗu a kowane kunne, a farashin da a da ko wayar iyafis ɗin mawaƙa ba zai saya ba. Sai dai lissafi ba ya ƙarya. Idan an cire kuɗin kwali da waya da ɓawo da ribar dillali daga dala 30 ko 40, abin da ya rage aka raba wa sifika goma, kowace nawa ta samu? Sakamakon da aka fi ji shi ne bes mai yawa, sama mai kaifi, muryar mawaƙi kuma ta koma baya. A minti biyar na farko mutum zai ce bai taɓa jin sauti tar haka ba. Bayan awa ɗaya kunne ya gaji. A 2022 ma an yi ta cece-kuce a tsakanin masu sha'awar wannan harka, bayan wasu sun farke wasu samfura masu araha sun auna, suka ce akwai sifikokin da ke ciki amma gudummawarsu ga abin da kunne ke ji ba ta taka kara ta karya ba.

Hujjar da ta fi gamsar da ni daga manya ta fito. Sennheiser na Jamus ya fitar da IE 900 a 2021 a kan sama da dala 1,000, kuma sifika ɗaya tak ce a cikinsa, mai faɗin milimita 7. A can ƙasan kasuwa kuma, a 2022, Moondrop Chu da 7Hz Salnotes Zero suka fito a wajen dala 20, kowanne da sifika ɗaya, suka girgiza kasuwar domin an daidaita sautinsu da kyau. Binciken da Sean Olive da abokan aikinsa suka yi a kamfanin Harman ya nuna abin da ya fi tasiri ga jin daɗin masu sauraro shi ne yadda aka auna ƙasa da tsakiya da sama, wane ya kai wane. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi a wurare da dama, amma ban da cikin ramin kunne.

Ba ina cewa duk mai sifika da yawa yaudara ba ne. Idan kuɗi ya kai wajen dala 80, akan sami waɗanda aka yi wa aiki na gaskiya, irin su Truthear Hexa mai DD ɗaya da BA uku, inda za ka ji kowane kayan kiɗa a mazauninsa. Kuma ko masu arahar, sun fi iyafis ɗin da ake rataye wa a teburin mai caji nesa ba kusa ba. Suna toshe hayaniya, wanda shi makaɗi a filin biki ya fi buƙata. Wayarsu kuma ana cire ta, saboda haka ranar da ta tsinke, waya kawai za ka sake. Amma wanda ke riƙe da kuɗin da bai wuce dala 25 ba, shawarata ya nemi mai sifika ɗaya da aka san an daidaita shi.

Akwai abin da ya fi adadin sifika tasiri, kuma kusan kyauta ne: robar bakin. Idan ba ta toshe kunne ruf ba, bes ɗin ya zube, komai tsadar na'urar. Yawanci ana haɗo girma uku a kwali. A gwada duka, har ma a yarda kunnen dama ya ɗauki girma daban da na hagu. 'Yar ragar da ke bakin bututun kuma tana toshewa da dattin kunne da ƙurar hunturu, sai mutum ya zaci ɓangare ɗaya ya mutu, alhali goga yake so. BA ba ta shiri da danshi, don haka a goge gumi kafin a mayar cikin jaka.

Wajen gwaji, kada a fara da waƙa mai ganguna, domin bes yana rufe aibi. A sa karatun Alƙur'ani ko labaran rediyo, muryar da aka sani sarai. A saurari inda ake furta sa, sha da tsa. Idan suna soka kunne kamar allura, ko muryar ta yi kamar daga cikin rijiya take fitowa, a mayar wa mai shago. Waɗannan na'urori kuma ba sa buƙatar wuta da yawa kafin su yi ƙara, kuma bakinsu yana dab da dodon kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum zai iya sauraron ƙara mai ma'aunin desibel 80 na awa 40 a mako ba tare da cutarwa ba, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage wannan lokaci da rabi. Tunda iyafis ɗin ya riga ya toshe hayaniyar waje, rabin ƙarar da ka saba sa wa wayarka ta isa, kuma a cire shi idan za a tsallaka titi ko a hau babur.