Koyar da Lissafin Matsakaicin Ƙarfi a Darasin Fiziks: Misali Daga Kasuwar Iware

Garin Iware yana kan hanyar Jalingo zuwa Wukari, a Ƙaramar Hukumar Ardo Kola ta Jihar Taraba, kuma an fi saninsa da kasuwar shanu. Duk ɗalibin da ya taɓa tsayawa wurin sauke kaya a irin wannan kasuwa ya ga yadda 'yan dako kan ajiye tsohuwar taya a ƙasa kafin su turo durom daga bayan babbar mota. Mun zaɓi wannan misali ne domin ya ƙunshi duk abin da manhajar babbar sakandare ke bukata a kan wannan batu.

Tun a 1687 Isaac Newton ya bayyana ƙa'idarsa ta biyu da cewa sauyin motsin abu yana daidai da ƙarfin da aka ɗora masa. Wannan motsi shi ake kira momantum, wato mas ɗin abu a ninka da saurinsa. Idan kuma aka ninka ƙarfi da tsawon lokacin da ya yi yana aiki, an sami abin da muke ba da shawarar a kira tunkuɗa. Tunkuɗa daidai take da sauyin momantum:

F × t = mv − mu

Ƙarfin da ke aiki a lokacin karo ba ya tsayawa a wuri ɗaya. Yakan tashi, ya kai ƙololuwa, sannan ya sauka, duk cikin ƙiftawar ido. Saboda haka matsakaicinsa kawai wannan lissafi ke ba mu.

A ɗauka durom mai kilogiram 100 ya faɗo daga tsayin mita 1.25, kuma g = 10 m/s². Zai iso ƙasa da saurin mita 5 a daƙiƙa, momantum ɗinsa 500 kg m/s. Idan ya tsaya a kan daɓen siminti cikin daƙiƙa 0.05, matsakaicin ƙarfin ya zama 500 ÷ 0.05, wato nuton 10,000. Idan taya ta ja lokacin zuwa daƙiƙa 0.25, sai ya koma nuton 2,000. Duromin bai canja ba, saurinsa ma haka. Lokaci ne kaɗai ya ƙaru sau biyar. Waɗannan lokuta mun ƙaddara su ne domin aikin aji.

Akwai wani tarko a nan da malami zai iya faɗawa. Amsar da aka samu ita ce ƙarfin da ya rage bayan an cire nauyin duromin, wanda ke ci gaba da jansa ƙasa da nuton 1,000. Ƙarfin da daɓen ya tura sama nuton 11,000 ne, na taya kuwa 3,000. Lallai a tambayi ɗalibi wanne daga cikin biyun ake nema kafin ya rubuta amsa.

A ganinmu, matsalar da ta fi wannan girma ta kalmomi ce. A Hausar yau da kullum “nauyi” yana ɗaukar abin da ake aunawa da kilogiram da kuma wanda ake aunawa da nuton, “ƙarfi” kuwa yakan shiga wurin makamashi da momantum baki ɗaya. Ɗalibin da aka koya wa cewa momantum “ƙarfin motsi” ne, da wuya ya gane dalilin raba shi da lokaci don a sake samun wani ƙarfin. Don haka muka bar “ƙarfi” da “nauyi” ga abin da ake aunawa da nuton kawai, muka ari “mas” da “momantum”, kuma muna roƙon masu rubuta littattafan karatu su gwada “tunkuɗa” a aji kafin a tabbatar da ita a manhaja.