Lambar Shaidar Kayan Koyar da Hausa a Adireshin Intanet

Duk wanda ya yi niyyar ɗora kundin kayan koyar da Hausa a intanet zai fara cin karo da matsalar sunan da zai bai wa kowace takarda a cikin adireshi. Ƙa'idar da ake bi, wato RFC 3986 ta shekarar 2005, alamomi 66 kacal ta yarje a saka ba tare da wani sharaɗi ba: manyan haruffan Ingilishi 26 da ƙananansu 26, da alƙaluma 0 zuwa 9, sai aya da karan ɗori da karan ƙasa da alamar ~. Babu ɓ ko ɗ ko ƙ a cikinsu.

Ba sai an je nesa ba wajen neman misali, domin sunayen ƙananan hukumomi 20 na Jihar Bauchi sun ishe mu. Idan aka ce a tsara kundin bisa sunan ƙaramar hukumar da takarda ta fito, kwamfuta za ta mayar da Tafawa Ɓalewa zuwa Tafawa%20%C6%81alewa, abin da babu malamin da zai iya rubuta wa ɗalibai shi a allo. Itas/Gadau kuwa, karan tsayen da ke tsakiyarsa alama ce ta rarraba sassan adireshi, saboda haka sai na'ura ta ɗauka cewa Gadau wani reshe ne a ƙarƙashin Itas. Haka nan alhamzar da ke cikin Jama'are, wata manhajar ta bar ta yadda take, wata ta mayar da ita %27, sai takarda guda ta tashi da adireshi biyu.

Dabarar da aka fi saurin kamawa ita ce a cire lanƙwasar haruffan. A ganin mai wannan nazari, wannan ita ce mafi muni, domin ta haɗe ƙafa da kafa, ɗaka da daka, ƙara da kara, alhali bambance su ne muke koya wa yara tun daga firamare. Ko da ma an bar lanƙwasar, rubutun yau da kullum ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, don haka garin da ake zama a ciki da garin tuwo siffarsu ɗaya. Ke nan kalma ba za ta iya zama shaidar da ba ta da tagwai ba.

Lambar jeri, wato 1, 2, 3, ita ma tana da nata aibin. Idan ma'aikaci a Bauchi da wani a Azare suna shigar da takardu kowa a tasa na'urar, dukansu za su fitar da lamba 57. Sannan idan sakamakon ɗalibai aka jera haka, wanda ya ga nasa a 57 zai iya gwada 58 ya leƙa na wani.

Abin da ya fi dacewa shi ne a bar kwamfuta ta zaɓo lambar a kan kari, ba bisa wani jeri ba. Tsarin UUID, wanda aka daidaita a 2005 aka kuma sabunta a 2024, yana da nau'i na huɗu mai ɗauke da ɗigon bayani 122 na kan kari, kuma sai an fitar da kimanin biliyan 2.7 sau biliyan guda kafin yiwuwar karo ta kai rabi. Tsawonsa alamomi 36 ne, amma tsarin base64url na 2006, wanda ya musanya + da / da karan ɗori da karan ƙasa, yana taƙaita shi zuwa 22.

Ga takardun da malamai za su riƙa kwafa da hannu, ya kamata a yi amfani da jerin alamomin da babu masu rikitarwa a ciki, irin su 0 da O, ko 1 da l. Sunan takardar kuma a rubuta shi a kan shafin cikin daidaitacciyar Hausa, da lanƙwasarsa da alhamzarsa, ta yadda ko an gyara take daga baya, adireshin da aka buga a littafin jagoran malami ba zai mutu ba.