Mece ce allurar sitiroyid ta maƙalewar yatsa?

Maƙalewar yatsa lalura ce da yatsa ke sarƙewa idan an lanƙwasa shi, ya ƙi miƙewa sai da ƙarfi, sannan ya ɓalle da ɗan ƙara da zafi. Tana faruwa ne idan kuben da jijiyar lanƙwasa yatsa ke zamewa a cikinsa ya yi kauri a gindin yatsan, wajen tafin hannu, har jijiyar ta kasa wucewa sumul.

Sitiroyid magani ne mai kwantar da kumburi, kuma likita kan haɗa irinsa, kamar triamcinolone, da maganin kashe zafi na lidocaine, ya tsira siririyar allura a gindin yatsan domin maganin ya shiga kuben ko kewayensa. Abin da ake gudu shi ne zuba maganin cikin jijiyar kanta, saboda yana raunana ta, shi ya sa akan ce wa majiyyaci ya motsa yatsan. Idan allurar ta motsa tare da shi, sai a ɗan ja ta baya. Sauƙi kan zo cikin kwanaki ko makonni, kuma idan allura biyu ko uku ba su yi ba, akan koma ga ƙaramar tiyata.

Lalurar ta fi kama mata 'yan shekara 40 zuwa 60 da masu ciwon sukari, waɗanda sukarinsu kan hau na 'yan kwanaki bayan allurar, yayin da masu duhun fata ke iya ganin wurin allurar ya yi haske.